Zane da Launi: Yadda Kalma Ke Zama a Ka

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku samo takarda da biro, don darasin yau da hannu ake yin sa. Ga kalmomi 20 nan a allo: tulu, tsani, kwando, fitila, lauje, laima da sauransu. Goma na farko ku yi ta rubuta kowace ɗaya kuna maimaitawa har sakan 10. Goma na ƙarshe kuma ku zana su, su ma sakan 10 kowace. Ku tsayar da bidiyon ku yi, in kun gama ku kife takardar.

Abin da kuka yi ɗin nan ya yi kama da gwajin da Jeffrey Wammes da Melissa Meade da Myra Fernandes suka yi a Jami'ar Waterloo ta ƙasar Kanada, wanda suka wallafa a 2016. Sun ba ɗalibai kalmomi masu sauƙin zanawa, kowace kalma sakan 40, wata a zana ta, wata a yi ta rubuta ta. Sai suka ɗauke musu hankali da wani aiki na bambance sautuka, daga nan aka ba su minti ɗaya su faɗi duk abin da suka tuna. Sau da yawa kalmomin da aka zana sun ninka waɗanda aka rubuta, har da ɗori. Aka rage lokacin zuwa sakan 4 kacal, zane bai fasa yin gaba ba. Kuma ga abin da zai kwantar wa da yawanmu hankali: kyan zanen bai shiga lissafi ba. Wanda tulunsa ya fito kamar ƙwarya, shi ma ya amfana.

To me ya jawo haka? In kana rubuta "lauje" sau goma, daga na uku hannu ne kawai ke tafiya, hankali ya tafi kasuwa. Amma ka ce za ka zana lauje, dole ka tsaya ka tambayi kanka: ina ƙotar take, ta wane ɓangare bakin ya lanƙwashe? Wannan tunanin shi ne aiki na farko. Na biyu motsin hannu, wanda na lauje daban yake da na laima. Na uku hoton da ya fito, ido ya gan shi. Kalma ɗaya ta sami igiya uku ke nan, in ɗaya ta tsinke a jawo ta da sauran. Tun 1971 Allan Paivio ya yi bayanin cewa ƙwaƙwalwa na ajiye magana ta hanya ɗaya, siffa ta wata hanyar, kuma abin da ya shiga ta duka biyun ya fi wuyar ɓacewa.

Yanzu kada ku buɗe takardar. A bayanta ku rubuta duk kalmomin da kuka tuna cikin minti ɗaya, ku ƙirga na kowane ɓangare.

Ga yadda ake amfani da wannan a karatu na gaske. Kada ku ɗebi fiye da kalmomi 10 zuwa 15 a zama ɗaya. A yanka takarda ƙanana, kamar girman katin waya. Kalma a gaba, zane a baya, kuma kada zanen ya wuce rabin minti. Wanda ya zauna yana gyara inuwa da kwalliya, ya koma koyon zane, kalmar ta tsere. Kada kuma a ɗora takarda a kan hoton littafi a bi layinsa, ko a kwafi zanen abokin karatu. Hannu ya motsa, ido ya gani, amma an tsallake aikin farko, wato ƙirƙiro siffar da kanka. Haka nan zane-zanen da hannu ke yi a gefen littafi lokacin da malami ke bayani, da'ira da furanni marasa alaƙa da darasi, ba sa cikin wannan magana.

Wurin da mutane ke cijewa shi ne kalmar da ba ta da jiki. Tulu kowa zai zana, amma ya za a yi da "adalci" ko "bashi" ko "hauhawar farashi"? Sai a nemo abin da ke tsaya mata. Adalci, mudu biyu a cike daidai wa daida. Hauhawar farashi, mudu ɗaya da tulin kuɗi a gefensa, tulin na ƙara tsawo. Matsalar da ke biyo baya ita ce bayan mako guda ka ga mudu biyu ka ce "ciniki". Maganinta a ƙara alama ɗaya da za ta raba su, a kuma gwada katin washegari tun ma'anar ba ta yi nisa ba. Wanda kuma ba ya son zana abu mai rai, ba sai ya zana ba. Sawun raƙumi ya isa ya tsaya wa raƙumi, ƙaho ya tsaya wa sa, allura da kwalba su tsaya wa likita.

Sai launi. A nan sai an yi hattara, domin hujjar launi ba ta kai ta zane ƙarfi ba. Launi shi kaɗai ba ya manna kalma a ka. Abin da yake yi shi ne ya ware abu daga 'yan'uwansa. A 1933 Hedwig von Restorff ta nuna a Jamus cewa abin da ya fita daban a cikin jeri an fi tuna shi. Kalma ɗaya ja a cikin ashirin baƙaƙe za ta tsaya a rai. In an shafe duka ashirin ɗin da alƙalamin nan mai haske, an koma gidan jiya, babu wadda ta fita daban. Shi ya sa a babban bitar da John Dunlosky da abokan aikinsa suka yi a 2013 kan dabarun karatu, shafa launi da ja wa rubutu layi suka faɗa cikin masu ƙarancin amfani, yayin da gwada kai da rarraba bita a kan kwanaki suka zo a sama.

Launi yana aiki ne in an ba shi ma'ana guda, aka kuma riƙe ta. Marubuta Alƙur'ani da hannu a Borno da Kano sun daɗe da sanin wannan: baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da ɗigon rawaya, tun daga farkon mushafi har ƙarshensa. Mai karatu ba ya tsayawa tambayar me ja ke nufi.

A ɗauki ɗalibi a Maradi ko Damagaram da ke fama da jinsin kalmomin Faransanci. A Hausa rana ta fito, wata ya fito. Larabci ma haka, shamsu mace, ƙamar namiji. Faransanci kuwa ya juya su, rana namiji, wata mace. Sai ya tsayar da doka: namiji shuɗi, mace ja. Ya zana rana da shuɗin biro, ya zana jinjirin wata da ja. Rana shuɗiya abu ne da ido bai saba gani ba, kuma a nan baƙuntar tata ce ke taimakawa, muddin dokar ba ta canza ba.

In ta canza, ga abin da ke faruwa. Ku dubi allo, ku faɗi launin tawadar, kada ku karanta kalmar. An rubuta "ja" da shuɗi, an rubuta "kore" da ja. Kun ji yadda harshe ya sarƙe? John Ridley Stroop ne ya auna wannan jinkiri a 1935. Ɗalibin da ja ke nufin mace a littafinsa na Faransanci ranar Litinin, ranar Laraba kuma ya koma nufin "wannan zai fito a jarrabawa", irin wannan karo yake haɗa wa kansa.

Saboda haka launi uku sun isa, huɗu iyaka, a rubuta ma'anar kowanne a bangon littafi na ciki. A guji haɗa ja da kore a matsayin kishiyoyi, don akwai masu wahalar bambance su, galibi maza, kuma wani bai ma san yana da matsalar ba. Ja da shuɗi sun fi aminci. Sannan a tuna takardar jarrabawa fara ce da baƙin rubutu, babu launin da zai yi maka nuni. Don haka a bita ta ƙarshe a juya katin, a kalli kalmar tsurarta da baƙin biro, a faɗi ma'anarta da jinsinta kafin a leƙa baya. A yi haka washegari, a sake bayan kwana uku, a sake bayan mako guda. Katin da aka ci sau uku a jere a ware shi gefe, wanda aka faɗi kuma a sake masa sabon zane, don na farkon bai kama ba.