Yau aka yi mini aikin Gamma Knife a Shefil

Assalamu alaikum 'yan uwa, daga Shefil nake magana, a Ingila. Kun ga 'yan tabon nan biyu a goshina? Akwai wasu biyu a ƙeya. Nan aka ɗaure mini firam ɗin ƙarfe yau da safe, don kada kaina ya motsa a cikin na'urar Gamma Knife mai gasa ƙari da haske.

Hula ce ta fara tona asirin ciwon. Zanna bukar ɗin da na sa ranar ɗaurin aurena ta ƙi shiga, takalmi daga lamba 42 na koma 45, zobe kuwa sai da aka yanke shi. Duk wanda muka gaisa da shi daga gida sai ya ce, "Kai, Turai ta karɓe ka!" Ga minshari, ga gumi, ga wushirya da ban tashi da ita ba. Ashe akromegali ce: ƙari ne ya fito a pituwitari, wani ɗan kulli kamar ƙwayar wake a ƙasan ƙwaƙwalwa, yana ta kwararo sinadarin girma. In kun ga babban mutum hannu da haɓa na ƙara girma, don Allah ku tura shi gwajin jini na IGF-1, mai nuna ko sinadarin girma ya yi yawa.

An fara yi mini tiyata ta hanci, amma sauran ƙarin ya maƙale kusa da babbar jijiyar jini, inda wuƙa ba ta isa. Shi ne aka turo ni nan.

Sunan na'urar kawai ke da wuƙa ("knife" a Turance), ba a yanka komai. Haske 192 ne daga sinadarin kobalt, kowanne shi kaɗai ba shi da ƙarfi, sai inda suka haɗu a kan ƙarin. Likitan Suwidin Lars Leksell ya ƙirƙiro ta a 1968, Shefil ta samu tata a 1985. Abin da likitocina suka fi yi wa kaffa-kaffa shi ne jijiyar gani, don tazarar 'yan milimita ce tsakaninta da ƙarin. Ina kwance ina salati, ban ji komai ba.

Sai dai ba yau zan warke ba. Hasken a hankali yake aiki, shekara biyu, uku, har fiye, kuma ba kowa yake yi wa ba. Allurar lanreotide ta wata-wata, mai rage sinadarin girma, tana nan. Lafiyayyen ɓangaren pituwitarin ma yana iya raunana daga baya, shi ya sa gwajin jini ya zame mini na har abada. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, wallahi.

Kaina ya fara sarawa, uwargida kuma tana yi mini alamar in ajiye waya. Ku sa ni a addu'a.