Kuɗin Intanet, Haraji da Bizar Ɗalibi a Birtaniya

Assalamu alaikum. Na gode wa shugabannin ɗalibai da suka kira ni. Masu tsaye can kusa da tukunyar shayi, ku matso gaba, shayin ba zai gudu ba. Abu uku nake so mu tattauna a kan kuɗin da kuke samu ta intanet kuna karatu a ƙasar nan, da abin da hukumar haraji ta HMRC take bin ku.

Na farko, lissafin kansa. Shekarar haraji a Birtaniya tana farawa ran 6 ga Afrilu, ta ƙare ran 5 ga Afrilun shekara mai zuwa. Fam 12,570 na farko da mutum ya samu a shekara ba a cire masa harajin kuɗin shiga. Wanda yake aiki a kanti ko gidan kula da tsofaffi, mai aikin ne yake cirewa kafin albashi ya shigo. Amma wanda yake sana'ar kansa, idan cinikinsa ya wuce fam 1,000 a shekara, shi zai kai kansa ya yi rajista kafin 5 ga Oktoba, ya cika fom ta intanet kafin 31 ga Janairu. Idan ya makara, tarar fam 100 ce farkon abin da zai gani.

To a nan nake so ku ajiye biro ku dube ni, don wannan ne ya fito da ni daga gida yau.

Wannan fam 1,000 ɗin ya ruɗi yaranmu da yawa. Sai ka ji ɗalibi yana cewa, ai abin da nake samu wajen zana wa mutane tambari ko gyara musu bidiyo bai kai dubu ba, babu ruwana da kowa. Ƙanena, dokar haraji ce ta ɗaga maka ƙafa. Dokar biza ba ta ɗaga maka ko na fam ɗaya ba. Bizar ɗalibi ta ba mai karatun digiri awa 20 a mako lokacin zangon karatu, cikakken aiki lokacin hutu, amma a ƙarƙashin wani wanda ya ɗauke ka aiki. Ta hana ka sana'ar kanka, ta hana ka kasuwanci. Ina maimaitawa: ta hana. Ko awa ɗaya ce a mako, ko fam hamsin ne, haramcin yana nan. Karɓar aiki a shafukan neman aiki na intanet irin su Fiverr ko Upwork sana'ar kai ce. Koyar da karatu ta Zoom ana turo maka kuɗi kai tsaye sana'ar kai ce. 'Yar uwa da take saro atamfa da turaren wuta tana tallatawa a Instagram, kasuwanci take yi.

Na san amsar da ke bakinku, ga wani can yana murmushi. Za ku ce ai wanda ya ba ni aikin yana Kano, kuɗin kuma naira ce, asusuna na gida ta shiga, ko ƙwandala ba ta taɓa ƙasar Ingila ba. Abin da ake dubawa shi ne inda kake zaune lokacin da ka yi aikin. Kujerar tana Kobantiri? To a Birtaniya ka yi aikin. Bankin da kuɗin ya sauka bai canza wannan ba. Kuma idan ka kwana 183 a ƙasar nan cikin shekarar haraji, kai mazauni ne a wajen HMRC, ko da fasfonka kore ne.

Abin da yake sa ni damuwa ke nan. Iyaye sun sayar da fili, wasu sun sayar da shanu, an biya kuɗin makaranta da fam mai tsada, sannan a soke biza saboda kuɗin da bai kai hayar ɗaki na wata biyu ba. Kuma abin yana bin mutum, don duk fom ɗin biza na gaba zai tambaye ka ko ka taɓa karya sharaɗi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Mun karɓi bizar da sharuɗɗanta, mun sa hannu, kuma mu mutane ne da addininmu ya ɗaure mu da cika alkawari.

Kada kuma wani ya ce ba za a gani ba. Tun 1 ga Janairun 2024 aka wajabta wa manhajoji irin su eBay da Vinted da Etsy da Airbnb su tattara bayanan masu sayarwa su miƙa wa HMRC. Idan tsohuwar rigar sanyinka ka sayar ko littattafan da ka gama da su, wannan kayanka ne, ba kasuwanci ba. Saye domin a sayar shi ne matsalar.

Na nawa muke? Na uku ko? To na uku, masu ƙanne a Amurka ku kai musu saƙo. Mai bizar ɗalibi ta F-1 yana cika fom 8843 na hukumar harajin Amurka kowace shekara ko da bai samu ko dala ɗaya ba, wanda ya samu albashi kuma ya cika fom ɗin haraji na 1040-NR kafin 15 ga Afrilu. Aikin wajen makaranta sai da izini. Masu tashar YouTube kuma, tun 2021 Google yake cire harajin Amurka daga abin da masu kallo na Amurka suka kawo, kuma Nijeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka da za ta rage shi. Da Birtaniya kam akwai, tun 1987, don kada a biya sau biyu a kan kuɗi ɗaya.

Na'am, Malama, ina ji.

Ta ce ita ta riga ta yi aikin, wata shida tana rubuta wa wani kamfani ana biyan ta, yanzu me za ta yi. Allah Ya saka miki da alheri da kika faɗa a fili, na tabbata ba ke kaɗai ba ce a ɗakin nan. Ki tsayar da aikin daga yau. Ki adana duk shaidar biya da saƙonnin da kuka yi, kada ki goge komai. Kada ki yi gaggawar cika fom ɗin haraji a daren nan, domin fom ɗin da kansa yana nuna kin yi sana'ar kai. Kada kuma ki yanke shawarar ɓoyewa, domin harajin da ya hau kanki yana nan. Ki fara ganin lauyan shige da fice mai rajista, shi zai tsara miki abin da za a fara da shi. Ki sani jami'ar da ta ɗauki nauyin bizarki dole ne ta kai rahoto idan ta san an karya sharaɗi, shi ya sa na ce lauya tukuna. Akwai kuma UKCISA, suna ba ɗaliban ƙasashen waje shawara ta waya. Idan kin gama karatu kika koma bizar masu kammalawa, ita ta yarda da sana'ar kai, sai ki yi rajista ki ci gaba da rubutunki a fili.

Lokacin la'asar ya shiga. Masu irin tambayar Malama su same ni a bakin ƙofa bayan salla.