Kwarashi, Zare da Ƙaramin Littafin Gwaggo

Yaya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau ma daga Gusau muke, ni da Auta. Sanyi ya fara leƙowa, masu jego sun fara neman hula da safa, shi ya sa muka ce hirar saƙa za mu yi. Mun ɗauko Gwaggonmu takanas daga Ƙaura Namoda, wadda ta riƙe kwarashi tun ba a haife mu ba. Gwaggo, sannu da hanya.

Gwaggo: Yawwa ɗiyata. Amma ku gaya ma mutane gaskiya, ba ɗauko ni kunka yi ba. Suna na zo, kunka tare ni bakin ƙofa.

Auta: Ai duk ɗaya ne, Gwaggo. Ni dai ƙara na kawo. Ga bargon jariri nan da na fara sati biyu da suka wuce, duba ki gani.

Gwaggo: Miƙo. Kai, Auta! Wanga bargo ne ko siket? Gindi da faɗi, sama ya tsuke.

Yaya: Masu sauraro ba ku gani, amma wallahi kamar an yanka shi da almakashi a karkace.

Auta: Ni fa zaren nake zargi.

Gwaggo: Bar zare, bai yi maki komi ba. Da ido nawa kinka fara?

Auta: Ɗari da ashirin, ina jin.

Gwaggo: "Ina jin." To ƙirga na layin ƙarshe. Ba sai kin gama ba, na san bai kai ɗari ba. Duk sadda kinka zo ƙarshen layi kina tsallake idon ƙarshe, don shi yakan lafe, ba ya fitowa sarai. Ido guda kowane layi, layi ashirin, kin zubar da ashirin ke nan ba ki sani ba. Magani bai da wuya. Ki samu fil, ko irin na kama ɗankwali, ki maƙala a idon farko da na ƙarshe. In kin juyo, sai kwarashinki ya shiga inda fil yake kafin ki ce kin gama layi.

Yaya: Ni guntun zare mai wani launi nake ratayawa, don fil yakan ja mini zare.

Gwaggo: Shi ma ya yi. Kuma in saƙar mai faɗi ce, sa alama kowane ido ashirin. Yaro ya yi kuka, kin tashi kin dawo, ba sai kin koma daga ɗaya ba.

Auta: To sarƙar nan da ake yi in za a juya fa? Ita ke rikita ni.

Gwaggo: Tsawon saƙar ke faɗa maki. Gajeruwa, sarƙa ɗaya. Doguwar nan da kike naɗa zare sau guda kafin ki soka, sarƙa uku, kuma galibi ukun nan ana lissafa su a matsayin ido guda. To in kin lissafa su, dole in kin dawo ki soka a kan ta ukun. Nan ne mafi yawa ke ɓata.

Yaya: Bari in tsoma baki, tunda Auta a YouTube take koyo. Akwai tarkon da ya taɓa kama ni. Mutanen Amurka da na Ingila sunan saƙarsu ya sha bamban. Abin da ’yar Amurka ke kira singil, ’yar Ingila dobul take ce masa. Dobul ɗin Amurka kuma shi ne tirebul a Ingila. Na taɓa bin wata ina ta zuba doguwa, ashe gajeruwa take nufi, rigar ta fito ta isa ɗan shekara uku. In kin ji kalmar singil a bidiyo, to tsarin Amurka ne, don Ingila ba su da ita.

Gwaggo: Mu da munka koya a tsakar gida ba mu san wannan rigima ba. Hannu kike kallo.

Auta: Yaya, ba su labarin shawul ɗin nan mana.

Yaya: Sai kin tona ni? To. Wata ce ta ba ni aikin shawul na suna, ruwan hoda. Kun san kwana bakwai ne, babu ɗaga ƙafa. Na sayi dunƙule shida, na ce za su isa. Ana jibi suna zare ya ƙare, saura kamar taki ɗaya. Na ruga kasuwa, na samu kamfani ɗaya, launi ɗaya, na dawo na ƙarasa da dare a hasken fitilar caji. Da gari ya waye na shanya shi a igiya, sai ga layi ɓaro-ɓaro, ƙasan ya fi saman duhu. Na zauna bakin rijiya kamar in yi kuka.

Gwaggo: Ba tukunya guda anka rina su ba.

Yaya: Shi ke nan. A takardar da ke naɗe da zare, in mai takarda ne, akwai lambar launi, akwai kuma lambar rini. Launi zai iya zama ɗaya, rinin ya bambanta. Tun ranar nake sayen duk abin da aiki zai ci a lokaci guda, in ƙara dunƙule ɗaya a kai, kuma ba na yar da takardar sai na gama.

Auta: In wanda ba shi da takarda ne fa?

Yaya: Ki fita da shi bakin shago, ki haɗa su a hasken rana. Kada ki yarda da ƙwan lantarkin cikin rumfa.

Gwaggo: Shi ya sa nike da wanga.

Auta: Masu sauraro, Gwaggo ta ciro wani littafi daga jaka, irin na ’yan firamare, bangonsa har ya yi laushi.

Gwaggo: Ki yi dariya. Duk aikin da na yi yana ciki. Na wa ne, wane zare, dunƙule nawa ya ci, kwarashi mai lamba nawa, ido nawa na fara da shi. Ga ɗan guntun zaren na liƙa a gefe. Mace ta dawo bayan shekara biyu ta ce irin na wancan karon take so, buɗewa kawai nike yi. Har kuɗin da ta ba da na kafin alƙalami ina rubutawa, don mantuwa ke haɗa mutane faɗa. Kuma in zan aje aiki, sai na rubuta layin da na tsaya.

Yaya: Lambar kwarashin nan ita ce na fi mantawa. In ajiye aiki wata guda, in dawo in ɗauki mai milimita 4 alhali da mai 3.5 na fara. Rabin milimita ne, amma sai ki ga saƙar ta saki.

Gwaggo: Kuma ku lura, ƙananan nan na ƙarfe da ake saƙar bakin mayafi da su, lambarsu a juye take: in lamba ta hau, kwarashi ƙanƙancewa yake. Ku bi milimita, ita ba ta ruɗi.

Auta: Ni matsalata hannuna da tsauri. Layin farko sai na yi ta kokawa kafin kwarashi ya shiga.

Gwaggo: Yi sarƙar farko da wanda ya ɗara girma, sannan ki koma ma naki. Kuma ki sassauta, ba akuya kike ɗaurewa ba.

Yaya: Gwaggo, hular jariri. Kullum sai a tambaye ni awo.

Gwaggo: Ni da ido nike yi, ke ce mai boko.

Yaya: To ga na boko. Kan sabon haihuwa yakan kai wajen santimita 35 a kewaye. Hula daga tsakiya ake farawa, faifai ake yi. Ki raba kewayen kai da uku da ɗan ɗigo, zai ba ki wajen santimita 11. In faɗin faifanki ya kai haka, ko ya gaza kaɗan tunda saƙa tana miƙewa, sai ki daina ƙari, ki ci gaba da zagaye, da kanta za ta lanƙwaso. Shi kuwa faifan, in gajeruwar saƙa ce ido 6 ake ƙarawa kowane zagaye, in doguwa ce 12. Ya yi kamar ƙoƙo tun da wuri, ƙarin ya yi kaɗan. Ya yi tattara kamar ganyen latas, ya yi yawa.

Auta: Wannan sai na rubuta.

Gwaggo: A ina? Ba ki da littafi.

Auta: A waya mana!

Gwaggo: Wadda cajinta ke mutuwa kullum.

Yaya: Ku tsaya, saura maganar ajiya, don hunturun garin nan ba ya raga wa farin zare. Ni bokitin fenti na wanke, na huda murfin, na goge bakin hujin ya yi sumul. Dunƙule na ciki, zare na fitowa ta sama. Ba ƙura, ba birgima ƙarƙashin gado, kyanwa ma ta haƙura. Kowane aiki kuma da jakarsa: zarensa, kwarashinsa, tef ɗin awo, duk wuri guda.

Gwaggo: Ki ƙara da hannu. Kaushin sanyi na kama zare ya tayar mai da gashi. Man kaɗanya da dare, ba lokacin da za ki saƙa ba, kar ki bar maiƙo a kayan mutane. Baƙin zare kuma aikin rana ne, idona ya gaya mani. Sannan bakin zaren da ya rage kar ki ƙulla ki datse gab da ƙulli, wanki biyu zai kwance. Bar kamar tsawon tafin hannu, ki sa a allura mai babbar kafa, ki bi da shi cikin saƙa gaba, ki dawo baya.

Auta: Guga fa? Na ga gefen nawa yana naɗewa.

Gwaggo: Kul! Yawancin zaren da ke kasuwa na roba ne, ko da ana ce mai ulu. Dutsen guga ya taɓa shi, ya narke ko ya mutu ya yi sharaf, ba ya dawowa. Jiƙa shi, ki shimfiɗa a kan tawul a inuwa, ki ja shi daidai, ya bushe a kwance.

Auta: To yanzu bargon nawa, a ja shi ya daidaita?

Gwaggo: A’a. Warware za ki yi.

Auta: Gwaggo, sati biyu fa!

Gwaggo: Har layi na huɗu, nan ɓarnar ta fara. Riƙe nan, ni in naɗe maki zaren. Ke kuma kashe abin naki, la’asar ta yi.

Yaya: Kun dai ji. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Auta, ja a hankali, kar ya sarƙe.