Insakulofidiya: Karanta Sama, Amma Aikin Yana Ƙasa

Tun da maganar nan ta bazu cewa malamai ba sa karɓar Wikipedia a matsayin madogara, ɗalibai da yawa suka ɗauka duk wata insakulofidiya ma an hana taɓa ta. Wasu kuma suka kwafe ta ɗungurungum suka miƙa a matsayin jinga. Abin yana damuna, domin a wannan matakin na fara bincike ne ɗalibi ke ɓata makonni a banza.

Ga sashen laburaren da insakulofidiya take. Littattafan da ba a ba da aronsu, sai dai ka zauna ka duba: ƙamusoshi, taswirori, kundayen alƙaluma. Idan laburaren yana bin tsarin Dewey na jera littattafai da lambobi, wanda ya fito a 1876, insakulofidiya ta gama-gari tana lamba 030. Waɗanda suka keɓanta da fanni ɗaya, kamar likitanci ko tarihi, su na fi so, don galibi za ka ga sunan masanin da ya rubuta kowane bayani a ƙarshensa.

To, mu tsaya a nan, mu bi a hankali.

A ce an ba ka jinga kan zazzaɓin cizon sauro. Ka rubuta sunan cutar a intanet, sakamako ya yi maka ambaliya, ka rasa ta ina za ka kama. Yanzu buɗe insakulofidiyar likitanci. Minti goma kawai. Ga sunan ƙwayar da ta fi kisa, Plasmodium falciparum. Ga sauron da ke yaɗa ta, Anopheles. Ga Ronald Ross, wanda ya gano ƙwayar a cikin sauro a 1897. Ga batun yadda ƙwayar ta daina jin maganin kulorokwin, har aka koma ga atimisinin, maganin da ya sa Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a 2015.

Ka lura da abin da ya faru? Da farko ka shigo da kalma ɗaya. Yanzu kana da kalmomin da masanan kansu ke amfani da su, kuma batunka ya tsuke: me ya sa magani ke daina aiki? Wannan tambaya ce da za ta ishi shafi goma. Tarihin cutar gaba ɗaya kuwa, ko littafi guda bai isa ba.

Sai ka gangara ƙasa, inda kowa ke tsallakewa. Jerin manazarta. Wani ƙwararre ya riga ya tace maka abin da ya cancanci karantawa. Ɗauki hotonsa da wayarka. Waɗannan littattafai da maƙalu su za ka nemo, ka karanta da idonka, ka kafa hujja da su. Ko Wikipedia haka ake cin moriyarta, ta ƙasan shafi.

Saura mai sauƙi ne. Duba shekarar bugu, don shahararriyar insakulofidiyar nan Britannica ma ta daina fitowa a takarda tun 2012, kuma ilimin magunguna ba ya jiran kowa. Zuba sababbin kalmominka a Google Scholar ko JSTOR, shafukan intanet na neman maƙalun masana. Wanda ka rasa, nuna wa ma'aikacin laburare hoton nan da ka ɗauka, ka ce masa ga abin da kake nema.