Me Ya Sa Irin Wedeliyarku Ya Ƙi Tsirowa?

Jama'a, assalamu alaikum. Tun da hoton wannan fure mai ruwan ɗorawa ya fara yawo a WhatsApp, tambaya ɗaya ce ke ta zuwa mana: mun tsinko busasshen furen, mun murje, mun shuka, wata guda shiru. Wani bawan Allah ma cewa ya yi hannunsa ne bai da albarka.

Malam, hannunka lafiya lau. Sunanta Wedeliya, asalinta daga Amurka ta Tsakiya, kuma da wuya irinta ya tsiro. Dasa ta ake yi, kamar dankali a fadama.

To, ku matso. Kun ga wannan reshen da ke yaɗo a ƙasa? Bi shi da yatsa. Nan, inda ganye biyu suka fito suna kallon juna, ita ce gaɓa. Juya ta. Ga 'yan fararen jijiyoyi nan, tun ba a ce su fito ba. Yanko reshe kamar santimita 20, mai gaɓa uku ko huɗu, ka zage ganyen ƙasa. Kada ka kafa shi tsaye kamar sanda, nan mutane ke ɓata abin. Kwantar da shi, ka rufe gaɓa biyu da ƙasa, ka danna da babban yatsa, kan ya leƙo waje. Gaɓar da ba ta taɓa ƙasa ba, ba za ta yi saiwa ba. 

Sauran ba wuya. Yashi da ɗan kashin awaki da ya ruɓe, ruwa safe da yamma har ta kama, kamar mako biyu. Ku jira damina ta sauka, Yuni ko Yuli. Wanda ya dasa a Afrilun Sakkwato, shi da rana, ba ruwana. Ta fi yin fure a sarari, amma ni nakan ba ta gefen da inuwar katanga ke faɗawa bayan azahar.

Sai dai fa ba ta da kunya. Ƙungiyar kare halittu da muhalli ta duniya, wato IUCN, ta sa ta cikin jerin halittu 100 da suka fi mamaye wuri a duniya. Tawa sai da ta haye wa lansir ɗin Hajiya, an kwana biyu ba a amsa gaisuwata. In kun datse, kada ku zuba a kwata, can ma kamawa za ta yi. Ku shanya a kan siminti ya bushe ƙayau tukuna.