Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Filaye da Tsare-tsaren Birane, a Ziyararsa ga Sashen Nazarin Tsara Birane da Yankuna

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Mai Girma Kwamishina, Shugaban Tsangaya, iyayenmu masu riƙe da sarautun gargajiya, malamai abokan aiki, ɗalibai maza da mata, Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, a madadin malamai da ɗaliban wannan sashe ina yi maka barka da zuwa, kai da 'yan rakiyarka. Mun san aikin da ka baro a ofis, mun kuma san ba kasafai mai riƙe da ragamar filayen jiha yake tattaki zuwa ajin da ake koyar da masu tsara su ba. Allah ya saka da alheri.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa abin da muke koyarwa a nan zanen taswira ne kawai. Ɗalibinmu yana shekara 5 kafin ya fita da digiri, kuma a cikinsu yana koyon awon ƙasa, da lissafin ƙaruwar jama'a, da dokar filaye, da tsarin sufuri, da yadda ake karanta hotunan tauraron ɗan'adam a ɗora su a kwamfuta, a jera bayanin tituna a kan na magudanan ruwa, a kan na gidaje, har a gane unguwar da za ta nutse idan aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta. Yana zuwa aikin koyon sana'a a ma'aikatu irin taku. Bayan ya gama kuma ba zai amsa sunan ƙwararren mai tsara gari ba sai hukumar rajistar masu tsara birane ta ƙasa, wato TOPREC, wadda aka kafa a 1988, ta yi masa rajista.

Amma darasin farko da muke ba su ba daga Turai muka ɗauko shi ba. Kano gari ne da aka tsara tun fil azal. Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa a ƙarni na 12, Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina fadar da ake kira da sunansa har yau. Abin da muke so ɗalibi ya lura da shi shi ne ba a matse ganuwar a jikin gidaje ba. An bar fili mai yawa a cikinta, na noma da kiwo, domin ko an kewaye gari da yaƙi mutane su ci abinci, kuma domin 'ya'ya da jikoki su sami wurin gini. Heinrich Barth, Baturen Jamus mai yawon bincike, da ya zo Kano a 1851 ya tarar da waɗannan filaye a buɗe. Waɗanda suka shata wannan iyaka sun yi wa mutanen da ba a haifa ba tanadi, kuma wannan shi ne aikin da muke horar da yaran nan su yi.

A nan ne nake so in ɗan tsaya, Ranka ya daɗe, a kan kududdufai. Magabata sun haƙa su ne wajen ɗibar ƙasar gini, sai suka zama matattarar ruwan sama a tsakiyar unguwanni. Duk ruwan da ya gangaro daga lunguna yana da inda zai kwanta kafin ya nemi hanyar rafin Jakara. A zamaninmu an mayar da yawancinsu juji, daga juji aka cike su, daga cikewa aka yanka fuloti aka yi gini. Ruwan sama bai ragu ba, wurin kwanciyarsa ne aka ɗauke, shi ya sa yake shiga ɗakunan mutane. Ɗalibi mai tsohon hoton sama da sabon hoton tauraron ɗan'adam zai iya nuna maka kududdufin da ya ɓace da gidajen da suka hau kansa. A ganina waɗanda suka rage sun cancanci a shata su a taswira, a sa musu doka, a daina kallonsu a matsayin filin banza.

Haka zancen yake a bayan gari. Tsarin ci gaban birnin Kano da Bature mai tsara birane Trevallion ya shirya na shekara 20 ne, daga 1963 zuwa 1983. Garin ya daɗe da wuce wannan lissafi. Yau ya mamaye ƙananan hukumomi 8, ya cika Kumbotso da Ungogo, yana ci gaba da cin gonakin da ke bayansu. Yawancin wannan faɗaɗa da awon igiya ake yinta. Mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a yanka, a sayar. Ba na zargin talakan da ya saya, domin wurin kwanciya yake nema kuma abin da aljihunsa zai iya ke nan. Sai dai idan an gama gini sai a tarar babu hanyar da motar kashe gobara za ta shiga, babu filin makaranta, babu asibiti, babu maƙabarta, babu inda lambatu zai bi. A lokacin ne gwamnati za ta zo da jan fenti da katafila, a rushe, a biya diyya, a yi kuka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shata titi a gona kafin a sa tubali ko ɗaya ya fi arha nesa ba kusa ba a kan fasa shi ta cikin gidajen mutane.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha amana a hannun Gwamna, dokar tsara birane da yankuna ta 1992 kuma ta fayyace wanda zai shirya tsari a kowane mataki. Doka akwai. Hukumomi ma akwai, ga KNUPDA mai kula da tsara birane, ga KANGIS mai kula da bayanan filaye. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hannun da zai riga dillali isa gona, kuma ga hannaye nan zaune a gabanka.

Saboda haka muna da roƙo. Muna so ma'aikatarka ta buɗe wa ɗalibanmu taswirori da hotunan sama da ke wurinta, domin aikin ƙarshe na kowane ɗalibi ya zama a kan unguwa ta gaske da matsala ta gaske. Muna so a ƙara yawan waɗanda ake karɓa aikin koyon sana'a, a kuma tura su fili tare da safiyo maimakon a ajiye su suna ɗaukar fayil. Mu kuma a shirye muke mu fita tare da dagatai da masu unguwanni, waɗanda suka fi kowa sanin iyakar gonar wane da ta wane, mu shata hanyoyi da wuraren amfanin jama'a a ƙauyukan da birni ke gab da haɗiyewa.

Bayan wannan jawabi ɗalibai 'yan aji 5 za su zagaya da kai ɗakin zane ka ga ayyukansu. Ina roƙonka ka yi musu tambayoyi masu tsauri, za su amsa.

Mun gode da wannan ziyara, Ranka ya daɗe. Allah ya taya ka riƙon wannan amana, ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.