Me Ke Gajiyar da Zuciyar Mai Wankin Ƙoda?

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Zainab ce, tare da Dakta Aminu, likitan ƙoda, da Sista Rabi, wadda kullum aikinta a ɗakin wankin ƙoda yake. Barkanku da zuwa.

Dakta Aminu: Barka kadai, Malama Zainab.

Sista Rabi: Mun gode.

Zainab: Likita, mutum ƙodarsa ce ta daina aiki, an ɗora shi a kan inji. Me ya kawo maganar zuciya kuma?

Dakta Aminu: Ai ita ce babbar maganar. A cikin mutum 10 da suka rasu suna wankin ƙoda, kimanin 4 ciwon zuciya da na jijiyoyin jini ne sanadi. Kusan ɗaya cikin huɗu na dukkan masu rasuwar kuwa zuciyar ce ke tsayawa farat ɗaya. Kuma tun kafin a kai ga inji ta riga ta wahala. Wajen mutum 7 cikin 10, ranar da suka fara wanki, bangon zuciyarsu na hagu ya riga ya yi kauri saboda shekarun hawan jini da ƙarancin jini.

Zainab: Kauri ba ƙarfi ba ne?

Dakta Aminu: A dantsen mai ɗaukar kaya ƙarfi ne. A zuciya kuwa taurin da ke hana ta saki ne. Ba ta buɗewa sosai ta karɓi jini, kuma naman ya yi wa jijiyoyin da ke ciyar da shi yawa. Ruwa kaɗan ya ƙaru, sai ya koma huhu. Ya ragu kaɗan, sai awon jini ya faɗi.

Zainab: To injin ba aikin ƙoda yake yi ba?

Dakta Aminu: Yana yi, amma mu yi lissafi. Mako awa 168 ne, lafiyayyar ƙoda ba ta hutawa ko ɗaya daga ciki. Inji kuwa awa 4 ne sau 3 a mako, awa 12 ke nan. Abin da ya taru cikin kwana biyu ko uku shi ake son kwashewa a zama ɗaya.

Sista Rabi: Mu a kan sikeli muke ganinsa. Kowa ya shigo sai ya hau awo kafin ya zauna. Lita ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne. Wanda ya tafi da kilo 60 ya dawo da 64, lita 4 yake ɗauke da su, kuma zuciyarsa ce ke tura su dare da rana. Kafin ya yi magana ma kin gane: ƙafa ta kumbura, fuska ta cika, yana haki daga ƙofa zuwa kujera. Ki tambaye shi yadda ya kwana, ya ce a zaune, ko sai da ya tara filo uku.

Zainab: Sai a zuƙe lita huɗun a huta mana, Sista.

Sista Rabi: Da haka ne da sauƙi. Gaba kura ce, baya sayaki. Inji daga cikin jini yake zuƙar ruwa, alhali mafi yawan ruwan yana cikin naman jiki, a hankali yake tsattsafowa ya maye gurbin wanda aka cire. In aka yi gaggawa, jijiyoyi su kusa bushewa ga ƙafa har yanzu a kumbure. Sai jiri, hamma, gumi, naman ƙafa ya murɗe, awon jini ya yi ƙasa.

Dakta Aminu: Kuma a daidai wannan lokacin zuciya na jin jiki. Farfesa Chris McIntyre da abokan aikinsa a Derby ta Ingila sun riƙa ɗaukar hoton zuciyar marasa lafiya suna kan inji. A binciken da suka fitar a 2009, kusan kashi biyu cikin uku an ga wasu sassan zuciyarsu sun rage motsi yayin wankin, saboda jinin da ke isa gare su ya ragu. Da yawa ba su ji ciwon ƙirji ba. Bayan an gama sassan sukan farfaɗo, amma abin da ake maimaitawa sau uku kowane mako, a kwana a tashi rauni yake barin wa zuciya.

Zainab: Akwai iyakar da ake kiyayewa?

Dakta Aminu: Akwai. In aka wuce mililita 13 a kowane kilo na nauyin mutum cikin awa ɗaya, haɗari yana ƙaruwa. Mai kilo 60, mililita 780 ke nan a awa, lita 3 da 'yan kai a awa 4. Ga shi ya zo da lita 4. Mafita ita ce a ƙara masa lokaci, ko a ƙara zama ɗaya a makon, maimakon a ƙara wa injin gudu.

Sista Rabi: Shi ya sa raina ke ɓaci in mutum ya ce a sauke shi saura rabin awa. Na san zaman da gajiya, wallahi na sani. Amma rabin awar nan zuciyarsa ce za ta biya.

Zainab: Na ji ana cewa farkon mako ya fi haɗari. Gaskiya ne?

Dakta Aminu: Gaskiya ne. Mai zuwa Litinin, Laraba da Juma'a, daga Juma'a sai Litinin, kwana biyu cur babu wanki. A 2011 an duba bayanan mutum fiye da 32,000 a Amurka, aka ga mutuwa da kwanciya asibiti saboda zuciya sun fi yawa a ranar da ta biyo bayan wannan dogon hutun. Ruwa ya taru, ga sinadarin fotasiyam, wanda ake samu daga abinci, shi ma ya taru a jini tunda ƙoda ba ta fitar da shi. Ma'auninsa a jinin mai lafiya tsakanin 3.5 ne da 5. In ya haura 6 yana iya rikita bugun zuciya, kuma ba lallai ya ba da wata alama ba.

Sista Rabi: Nan zan ja kunne a kan gishirin nan da ake sayar wa masu hawan jini a madadin na gari. Yawancinsa fotasiyam ne. 'Yan uwa kan sayo shi da kyakkyawar niyya, amma ga mai wankin ƙoda haɗari ne.

Zainab: Ni abin da ke ba ni tausayi shi ne hana su shan ruwa. Ƙishi fa ba ya jin lallashi.

Dakta Aminu: Kin taɓo inda nake so. A ganina mun fi yi wa mutane faɗa a kan ruwa, alhali gishiri ne tushen. Kimanin giram 8 na gishiri yana riƙe lita ɗaya a jiki, kuma shi ke kiran ƙishin. Wanda ya tsaya ƙasa da giram 5 a rana, ƙishin da kansa yake lafawa. A garin Tassin na Faransa an daɗe ana yi wa marasa lafiya wankin awa 8 sau 3 a mako, tare da rage gishiri, aka wayi gari mafi yawansu awon jininsu ya daidaita ba tare da magani ba.

Zainab: Magunguna fa? Kamar na rage kitsen jini?

Dakta Aminu: Manyan gwaje-gwaje biyu, na 2005 da na 2009, ba su nuna wata fa'ida a fili ba ga wanda aka fara ba shi bayan ya hau inji. Dalili kuwa matsalarsu ba ta tsaya ga kitse ba. Sinadarin fosfet, wanda ke taruwa a jini in ƙoda ta gaza, shi ne ke haɗuwa da sinadarin kalsiyam su sandarar da jijiyoyi, don haka ƙwayoyin da ke kama fosfet tare da abinci ake shansu, ba bayan awa biyu ba. Ƙarancin jini kuma ana gyara shi da allurar sinadarin ƙarfe da ta ƙarin jini, amma ba a kai shi matakin mai lafiya. An gwada hakan, aka ga toshewar jijiya ta ƙaru.

Zainab: Sista, wanda ke jinya a gida, me zai gani ya san ba a jira ranar wanki?

Sista Rabi: Numfashi ya gagara ko a zaune, ciwon ƙirji, zuciya na bugawa ba tsari, suma, ko ƙafafu su mutu farat ɗaya ya kasa miƙewa. Ko tsakar dare ne a tafi asibiti, kuma da isa a faɗa musu yana wankin ƙoda, a faɗi ranar da aka yi masa na ƙarshe. Wanda kuma ya rame, ko ya ƙara jiki, ya gaya mana a sake duba nauyin da ake sauke shi a kai, don in an ci gaba da tsohon lissafi, ko dai a bar masa ruwa ko a zuƙe fiye da kima.

Zainab: Likita, Sista, mun gode ƙwarai. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Dakta Aminu: Amin.

Sista Rabi: Amin summa amin.